Kada a busa usur sai mai agaji yana bakin fili

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya saba leƙa filayen da 'yan sakandare ke buga ƙwallo a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 a nan Legas ya san abin da ake yi wa yaro in ya faɗi. Yara biyu sun yi tsalle sun gwara kai, ɗaya ya zube. Nan take a fasa masa ledar fiya wata a ka, wani ya ja ƙafa, wani ya ciccibe shi, malamin wasanni ya ce: "Tashi, kai fa namiji ne!" Sai a mai da shi fili. Wannan ganganci ne da ran ɗan mutane.

Ba sai yaro ya suma ba ƙwaƙwalwarsa ke jijjiga. Jiri, amai, ciwon kai, ganin abu biyu-biyu, ko a tambaye shi da wace makaranta ake karawa ya kasa faɗi, ko ɗaya daga ciki ya isa a fitar da shi. Ranar ya gama wasa ke nan. Likita zai duba shi, ya dawo atisaye sannu a hankali, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke na iya kumbura ƙwaƙwalwa. In kuwa yana kukan wuya, ko hannu ya mutu, kada a ɗaga shi. A riƙe kansa yadda yake.

Mafi haɗari shi ne yaron da ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. Wannan a ɗauka zuciya ce ta tsaya. Ai nan Surulere ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen ya faɗi a 2021, amma ya rayu, saboda nan take aka hau danna masa ƙirji aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Aikin a fili yake: hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira lambar gaggawa 112 ko 767. Kada shessheƙar da yake yi ta ruɗe ku, ba numfashi ba ce. Motar asibiti na maƙale a gosulon Legas, ƙwaƙwalwa kuwa cikin 'yan mintuna take fara lalacewa. Wa zai yi wannan aiki in ba wanda ya iya a bakin fili?

Karaya ma haka. Ƙashin matashi bai gama girma ba, a ja shi a ƙara ɓata shi. A tallafe shi da katako, a miƙa asibitin ƙashi na Igbobi. Ɗaurin mai ɗori in ya matse, jini yake tsarewa.

Za a ce babu kuɗi. Haba! Akwai na riguna da kofi da masu kiɗa, na koya wa malamai biyu agajin gaggawa ne babu? Za a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Daga gasar Principals' Cup ta makarantun sakandare har wasan sada zumunta na unguwa, alƙalin wasa ya tambaya tun kafin a fara: ina mai agaji, ina motar da za ta ɗauki yaro, wane asibiti za a nufa? In babu amsa, ya mai da usur aljihu, kowa ya koma aji.