Darasi: Littattafan da za a karanta a kan tasowar ƙungiyoyin masu da'awar jihadi

Assalamu alaikum, masu saurare. Yau darasinmu na littattafai ne. Mai son ya gane yadda ƙungiyoyin da ke ɗaukar makami da sunan jihadi suka taso, da wanne zai fara?

To, kada ka fara da harin da aka kai wa Amurka a 2001. A lokacin wutar ta daɗe da kamawa. Koma 1979, shekarar juyin juya halin Iran da shigar sojojin Sobiyet Afghanistan. A watan Nuwambanta ma, ranar farko ta shekarar 1400 ta Hijira, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Haramin Makka har tsawon mako biyu. The Siege of Mecca na Yaroslav Trofimov ya ba da labarin wannan dalla-dalla, kuma yana da sauƙin karantawa.

Na biyu shi ne mai nauyin, a nan za ka daɗe: The Caravan na Thomas Hegghammer, wanda ya fito a 2020. Tarihin Abdullahi Azzam ne, malamin nan Bafalasɗine da ya zauna a Peshawar ta Pakistan, ya buɗe ofishin karɓar Larabawa 'yan sa-kai a 1984, aka kashe shi da bam a 1989. Ka kula da fatawarsa cewa kare ƙasar Musulmi farillar ainihi ce, wato wajibi ne a kan kowane Musulmi, ba sai da izinin shugaba ko na iyaye ba. In ka riƙe wannan gaɓar, abin da ya biyo baya ba zai ruɗe ka ba.

The Looming Tower na Lawrence Wright ya kawo labarin Sayyid Ƙuɗub, marubucin nan ɗan Masar wanda gwamnatin Nasser ta rataye a 1966, da na Zawahiri da Bin Ladan, jagororin Alƙa'ida. Daɗin karatu kam akwai, sai dai yawancin rabinsa na ƙarshe da idon jami'an tsaron Amurka aka rubuta shi.

Sannan ka dawo gida. Littafin Alexander Thurston a kan Boko Haram ya bi siyasar Borno da saɓanin Muhammad Yusuf da malaman Salafiyya irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, har zuwa kisan Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009 da abin da ya biyo baya. The Boko Haram Reader kuwa, na Abdulbasit Kassim da Michael Nwankpa, fassarar wa'azin ƙungiyar ce da wasiƙunta daga Hausa da Larabci da Barbarci. Wannan kada ya zama na farkonka, domin maganar masu kira ce tsagwaronta. Sai ka gama Thurston tukuna, kuma duk wa'azin da ka buɗe, ka duba shekararsa: na kafin 2009 ne ko na bayanta.