Sharhi: Ba kowane ƙululu a nono ne daji ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan wani abu ne da mata da yawa ke kwana da shi su tashi da shi, ko uwar da ta haife su ba su iya faɗa wa ba: ƙululun da hannu ya ci karo da shi a cikin nono, wataƙila wajen wanka.

Da an ji shi, gaba ya faɗi, sai a ce daji ne. Alhali likitoci sun daɗe suna cewa a cikin ƙululu goma da aka bincika, kusan takwas ba sankara ba ne. Budurwa 'yar shekara 18 ko 25 da ta ji wani abu kamar gujiya, mai santsi, tana danna shi yana zillewa, galibi ƙari ne marar illa da ake kira faiburo'adinoma. Saboda zillewar nan ma Turawa ke masa laƙabi da ɓeran nono. Akwai mai ruwa a ciki, wanda kan kumbura gab da al'ada ya saɓe bayanta. Akwai na mai jego, nono ya taru ya yi ƙurji, ga zafi ga zazzaɓi.

To amma biyun da suka rage fa? Lissafin nan yana juyawa da shekaru, musamman idan mace ta haura 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, ta kuma kashe 670,000. A Najeriya kaɗai, ƙiyasin wannan shekara ya haura mata 30,000, kuma adadin waɗanda suka rasu ya kai kusan rabin haka. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da 90 cikin 100 na kaiwa shekara biyar a raye bayan an gano cutar.

Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti. Sankara a farkonta yawanci ba ta ciwo, shi ya sa ake cewa ai ba ya damuna, a bar shi. Idan ya girma, sai maƙwabciya ta ce daji ba ya son ƙarfe, kada a yarda a yi allura. Daga nan sai shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wani lokaci har wanzami ya yi sakiya. Kafin a isa Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya, fatar nonon ta koma kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, kaluluwa ta fito a hammata. Mafi yawan matanmu a irin wannan mataki likita ke fara ganinsu.

Abin takaici a ganina shi ne, tsoron yanke nono ne ke zaunar da mace a gida, alhali in ƙululunta na cikin takwas ɗin nan ne, ba mai yanke nonon. Wani ma ko cire shi ba a yi, sa ido kawai ake yi.

Hannu kaɗai ba ya raba gardama, ko da na likita ne. Sai an yi hoto, sannan a sa allura a ɗebo ɗan nama a duba a ɗakin gwaji. Allurar nan ba ta tayar da daji.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni: daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa fitowar sakamako, kada a wuce kwana 60. A nan wajenmu, mace kan cinye fiye da haka tana jiran maigida ya ba da izini da kuɗin mota. Shi ma maigidan ya kamata ya sani, kusan ɗaya cikin 100 na masu wannan cuta namiji ne.