Grimsby da Man United: Idan Aka Tashi Canjaras a Minti 90, Kai Tsaye Sai Fenariti

Assalamu alaikum 'yan'uwana magoya bayan Manchester United. Sannunmu da haƙuri.

Tun ranar da ƙuri'a ta haɗa mu da Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu a Ingila, a zagaye na biyu na kofin Carabao, saƙo iri biyu ke ta shigo mini a WhatsApp da Facebook. Wasu na cewa ko an tashi canjaras babu damuwa, ai za su biyo mu Old Trafford mu yi musu ruwan ƙwallaye. Wasu kuma na cewa in minti 90 bai isa ba, a ƙarin lokaci za su gaji mu gama da su. Duka biyun kuskure ne, kuma shi ya sa na zauna na haɗa wannan bidiyon. Wasan dai daren Laraba ne, 27 ga Agusta, 2025, ƙarfe 8 agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe 7 a Ghana.

Bari mu fara share ƙananan tambayoyi da sauri.

Kofin Carabao shi ne wanda da yawanmu muka taso muna kira Carling. An fara shi a kakar 1960/61, sunan ne kawai ke sauyawa da mai ɗaukar nauyi, kuma tun 2017 wani kamfanin lemon ƙara kuzari na ƙasar Tailan ne ke riƙe da shi. Ƙungiyoyi 92 ke bugawa, 20 na Firimiya da 72 na rukunai uku da ke ƙasa da ita. Wanda ke buga gasar Turai ana ɗaga masa ƙafa sai zagaye na uku. Ƙungiyar Firimiya da ba ta Turai, daga na biyu take farawa. A kakar 2025/26 ƙungiyoyin Ingila tara ne a Turai, ga tambarinsu nan a allo, ku duba da kyau, babu namu. Mun ƙare kakar 2024/25 a mataki na 15 da maki 42, an doke mu sau 18, sannan Tottenham ta ci mu 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao ranar 21 ga Mayu. Ƙwallon Brennan Johnson ke nan kuke gani. Ba zan tsaya a kanta ba, kowa ya san yadda ya kwana ranar.

To, mu zo kan batun.

A wannan kofin, daga zagayen farko har zuwa kwata fainal, wasa ɗaya ake yi, a filin wanda ƙuri'a ta fara fito da sunansa. Grimsby ce ta fara fitowa, don haka a gidanta za a yi, a nan kuma za a ƙare. Babu gida da waje. Babu maimaici. Idan alƙalin wasa ya busa tashi ana kunnen doki, babu minti 30 ɗin nan da muka saba. Kai tsaye sai bugun daga kai sai mai tsaron gida. Tun kakar 2018/19 aka cire ƙarin lokacin, saboda a rage wa 'yan wasa gajiya a tsakiyar mako. Sai an kai wasan kusa da na ƙarshe, wanda ake yi gida da waje, da kuma wasan ƙarshe a Wembley, sannan minti 30 ɗin ke dawowa.

Ina jin wani ɓangare na ruɗanin daga bakinmu yake. Mu da Hausa abu biyu muke kira ƙarin lokaci. Akwai 'yan mintunan da ake ɗaga allo a gefen fili, a ce huɗu ko shida, don cike lokacin da ya salwanta wajen jinya da canji da murnar ƙwallo. Wannan yana nan daram, za a ƙara shi ranar Laraba kamar kowane wasa. Akwai kuma minti 30 da ake rabawa 15 da 15, a sake fitowa kamar sabon wasa. Wannan na biyun shi ne babu. Don haka idan ka ji mai sharhi ya ce an ƙara minti biyar, waɗannan biyar ɗin su ne iyakar abin da ya rage mana a duniya kafin fenariti.

Ɗaya ɓangaren kuma, ban ga laifin kowa ba, domin bara a ƙarin lokaci muka rayu. Ku kalli wannan. Watan Janairun 2025, kofin FA, a gidan Arsenal. An kori Dalot, muka riƙe su 1-1 da mutum goma har minti 120, Bayindir ya tare bugun Havertz, Zirkzee ya rufe, 5-3. Watan Maris, Fulham a Old Trafford, nan ma 1-1, nan ma minti 120, amma a ranar Leno ya tare na Lindelof da na Zirkzee, muka fita. Kofin FA ke nan, dokarsa daban. Shi ma an daina maimaici a cikinsa tun bara daga zagayen farko, amma ya riƙe minti 30 ɗinsa.

Sai daren Lyon a gasar Europa, 17 ga Afrilu. A gidan kallon unguwarmu na kalle shi. Lokacin da Lacazette ya ci wa Lyon ta huɗu aka koma 4-2, benci biyu na gabana suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya ce wa wani uffan. Wani dattijo da kullum yake zama kusa da fanka ya naɗe hularsa ya cusa a aljihu ya fita. Bruno ya ci fenariti, Mainoo ya farke, Maguire ya sa kai. Ihun da muka yi ne ya dawo da dattijon nan da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana tambaya wa ya ci, wa ya ci. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. To amma ku lura da kyau: a minti 90 na wannan daren, 2-2 ake. Duk abin da ya sa muke tuna shi, a cikin minti 30 ɗin nan ya faru. Da dokar Carabao aka bi, da babu kan Maguire, da babu komai, da tun a 2-2 an jera mu a tsakiyar fili.

Me ya sa na nace a kan wannan? Saboda dokar nan ƙaramar ƙungiya take taimaka wa. Ɗan wasan rukuni na huɗu zai iya bin Cunha da Mbeumo a guje na awa ɗaya, wataƙila awa ɗaya da kwata, da zuciya da ihun mutanen garinsu. Inda ƙafa ke fara nauyi shi ne bayan nan, kuma a nan ne babbar ƙungiya ke juyawa benci ta ɗauko mutumin da kuɗinsa ya fi na ƙungiyar tasu kaf. Da akwai minti 30 a gaba, da sai mu ce a bar su su gaji. Yanzu an gajarta musu tafiyar. Kocinsu David Artell abin da zai gaya wa yaransa a fili yake: ku kai mu minti 90. Da zarar an kai, albashi da suna da yawan kofuna duk sun koma ɗakin sauya kaya, saura mutum ɗaya da ƙwallo da gola a tazarar yadi 12.

Ga yadda bugun yake, don akwai wani wurin da shi ma ake yawan gardama. Alƙali zai jefa kwabo a zaɓi ragar da za a buga, ya sake jefawa a san mai farawa. Biyar biyar ne. In ba a rabu ba, sai a koma ɗaya ɗaya, wanda ya ɓarar ɗan'uwansa ya ci, shi ke nan. Kuma waɗanda ke cikin fili lokacin da aka busa tashi su kaɗai ke da damar bugawa. Wanda aka cire a minti 70 ya zama ɗan kallo irinmu. Babu mai bugawa sau biyu sai kowa ya buga, har da gola. Mu kam ba sai an ba mu labari ba. Wasan ƙarshe na Europa a 2021 da Villarreal, an buga 21 duk sun shiga, ta 22 ta faɗo kan De Gea, aka tashi 11-10. Shekara mai bi, Middlesbrough ta zo har Old Trafford ta fitar da mu daga kofin FA da 8-7, Elanga ya ɗaga ta sama. Saboda haka duk canjin da Amorim, kocinmu a 2025, zai yi daga minti 75 zuwa sama, ku riƙa kallonsa da ido biyu: wannan da ya shigo, in ta kai ta kawo, zai iya ɗaukar ƙwallo ya taka daga tsakiyar fili shi kaɗai?

Af, kuma babu VAR, na'urar sake duba hukunci ta bidiyo, a wannan zagayen. Ku tuna Coventry a Wembley a 2024, muna gaba da 3-0 suka farke duka, suka zura ta huɗu a minti na ƙarshe, na'ura ce ta ce satar gida. Ranar Laraba abin da mai tuta ya gani shi ne.

Su wane ne Grimsby? Ga filinsu nan, Blundell Park. A garin Cleethorpes ma yake, maƙwabcin Grimsby, a bakin ruwa, suna wasa a cikinsa tun 1899, yana ɗaukar mutum wajen 9,000. Ku ga yadda gidajen jama'a suka kewaye shi, ku ga kusancin 'yan kallo da layi. Garin masunta ne, shi ya sa ake kiransu Mariners, kuma waɗannan kifayen roba da aka hura wa iska da kuke gani suna ɗagawa, al'adarsu ce a manyan wasanni. Ina son abin nan har raina. A 1878 aka kafa su, shekara ɗaya da mu. Kafin wannan wasan na 2025, rabonmu da haɗuwa tun 1948.

Kada rukuni na huɗu ya ruɗe ku. A 2001 sun je Anfield sun fitar da Liverpool daga wannan kofin tana riƙe da shi, 2-1. A 2005 sun ci Tottenham 1-0 a wannan filin. A 2023 sun kai kwata fainal na kofin FA bayan sun fitar da ƙungiyoyi biyar da ke sama da su, ta biyar ɗin Southampton ce ta Firimiya, a gidanta, 2-1, kuma duka ƙwallayen biyu da fenariti suka ci. Mutanen Maiduguri sun san irin wannan labarin, domin El-Kanemi Warriors tana rukuni na biyu ta ɗauki kofin ƙalubale na Najeriya a 2024.

Akwai wani dare da ba na son nunawa, amma dole. Kafin 2025, karo na ƙarshe da muka shigo wannan kofin daga zagaye na biyu shi ne 26 ga Agusta, 2014, zamanin Van Gaal, shi ma bayan mun rasa Turai. A ranar aka sanar da sayen Di Maria. Da daddare MK Dons ta rukuni na uku ta ci mu 4-0, Will Grigg biyu, Benik Afobe biyu. Wancan siririn yaron da ke yawo a tsakiya Dele Alli ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya, to ni har yanzu ina jin wannan saran.

Mu kuma yaya muke? Wasa biyu, maki ɗaya. Da Arsenal mun yi wasa mai kyau, na faɗa kuma ina nan a kan bakana, amma bugun kusurwa ɗaya ya kashe mu, Bayindir ya kasa kai hannu Calafiori ya tura, 1-0. A gidan Fulham, Calvin Bassey ya kayar da Mount, Bruno ya ɗaga fenaritin sama da raga, daga baya Iwobi ya kawo wa Smith Rowe ya farke, 1-1. Ƙwallo ɗayan da muke da ita ma kan Yoro ne ya bugi Muniz ta shiga, a sunan ɗan Fulham aka rubuta ta. Ma'ana har yanzu babu ɗan wasanmu da ya ci ƙwallo a bana, duk da Cunha da Mbeumo da Sesko da aka sayo domin wannan aikin.

Ra'ayina, kuma ga wurin sharhi nan ƙasa ga wanda bai yarda ba: Amorim ya fito da manya tun daga farko. Babu wasan Turai da za a ce ana tanadin ƙafafu dominsa. Idan muka fita ranar Laraba, aka kuma yi rashin sa'a a wasan farko na kofin FA a Janairu, kakarmu gaba ɗaya wasa 40 ce. Wannan kofin shi muka ɗaga a 2023 da muka ci Newcastle 2-0, shi ne Newcastle ɗin ta ɗaga a watan Maris na 2025 garinsu ya kwana yana biki, kuma mai ɗaukarsa yana samun tikitin gasar Conference. A halin da muke ciki, babu ƙofar Turai da za mu raina. Ina so Sesko ya fara, ya ga raga da idonsa. Ina so a ba Mainoo minti 90 cif. Batun gola kuwa, Onana ne ko Bayindir, duk wanda aka sa to a tabbatar ya kwana yana kallon yadda 'yan Grimsby ke buga fenariti. Kuma a nemi ƙwallo a minti 20 na farko, domin duk minti goma da ta wuce ana babu ci, ihun filin nan ƙaruwa zai yi.

Ku yi Isha'i da wuri ku samu wurin zama. Masu gidan kallo, ba sai kun tanadi man janareta na minti 30 ba, amma kada a kashe da an busa tashi. Ku kuma, in agogon allo ya nuna 90 ana canjaras, kada wanda ya tashi zuwa wurin mai shayi, domin kafin a soya maka ƙwai an buga uku uku. Za mu haɗu a nan da safiyar Alhamis in Allah ya kai mu.