Yaron da Ke Ƙin Abinci: Yaushe Ya Kamata a Damu?

Assalamu alaikum. Iyaye mata, da 'yan tsirarun mazan da na hango can baya, sannunku da zuwa.

Ƙorafin da muka fi ji a wajen awo shi ne, "Likita, yaron nan ba ya ci." In ka tambayi shekarunsa, sai ka ji ɗaya da rabi ko biyu. To, ga dalili. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku kafin ya cika shekara. A shekara ta biyu kuwa, abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Girman ya rage gudu, dole cin ma ya ragu. Ga kuma ƙyamar baƙon abinci, wadda takan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 da 6. Yawancin waɗannan yara lafiyarsu ƙalau, kuma katin awo ne zai shaida, ba kwanon da suka ture ba.

Wanda ke damuna shi ne yaron da ya kafe a kan abu ɗaya: koko da safe, shayi da biredi, biskit, koko da dare. Cikinsa ya cika, amma ba sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi. Shayin ma hana jiki tsotsar ƙarfen yake yi. Jini na yin ƙasa sai yaro ya yi laƙwas, ya daina ƙiriniya, ya fi son a goya shi. Yaro kuwa da faɗi-tashi yake koyon tafiya, da tattaɓa abinci yake koyon sarrafa yatsu. Wanda ba shi da kuzari ba zai gwada ba. Sannan ƙarancin ƙarfen kansa yana ƙara kashe sha'awar ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da sakamako a 2006: lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai daga wajen wata 8 har zuwa kusan 18. Don haka kada ɗan maƙwabta ya tayar miki da hankali. Amma in ya wuce wata 18 bai taka ba, ko nauyinsa ya tsaya cak, ko kaurin damtsensa ya gaza santimita 12.5 a ma'auni, ki kawo shi. Ƙasa da 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Batun ɗura: na san kakanni za su harare ni, amma a bar ta. Kunu na iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, yaron kuma ya ƙara tsanar abinci. Ki zuba masa kaɗan, ya zauna cikin 'yan'uwansa, ya ci da hannunsa ko da zai ɓata riga. Ya ƙi wake yau, ki sake kawowa jibi. Wani abincin sai an gwada sau 10 ko fiye. Ki riƙa ba shi ƙwai, hanta, kifi, zogale, kunun gyaɗa. Ƙwai dai ba ya sa yaro sata.

Wata Hajiya a nan ta yi tambaya kan maganin sa cin abinci da ake saya a kemis. Da yawansu barci suke sa yaro. A fara auna jininsa tukuna.