Murya a kan shafukan darasi: laccar da aka gabatar wa malamai a Tawa

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƴan'uwana, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Na baya, kuna ji na? To madalla, don maganar yau dama ta ji ce.

Abubuwa biyar na zo da su a kan yadda ake ɗora murya bisa shafukan darasi, irin waɗanda muke shiryawa a PowerPoint mu aika wa ɗalibai. Kun tuna watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu? Da yawanmu lokacin muka fara wannan aiki, muka ga yaro yana buɗe shafi yana kallo kamar allon da malami ya rubuta ya fita.

Na farko, ɗaki. Kullum tambayar da ake fara yi mini ita ce, wane mikro zan saya? Ni kuwa sai in ce, a wane ɗaki za ka zauna? Ku yi tafi sau ɗaya yanzu. Ku yi mana! Kun ji yadda ƙarar ta dawo? Bangon siminti ne, da daɓen siminti, da rufin kwano. Murya na bugun bango ta komo cikin mikro, sai ɗalibi ya ji malaminsa kamar daga cikin rijiya yake magana. Kuma wannan amo, in ya shiga, fitar da shi wahala ne ƙwarai. Komai tsadar mikro, abin da ɗaki ya ba shi zai ɗauka.

Shi ya sa nake son ɗakin laka. Wallahi ina son ɗakin laka! Ɗan ƙaramin ɗakin da kakanninmu na Adar suka gina, da gado, da tabarma, da tufafi a rataye, ya fi ofis mai tayil daɗin murya nesa ba kusa ba. Abu mai taushi yana shanye amo, mai tauri yana mayar da shi. In ba ka da na laka, jingina katifa a bango, saki labule, rataya bargo a bayanka. Bargon da ka ajiye tun sanyin Janairu, fito da shi.

Sai fanka. A kashe ta. Na sani, na ga Hajiya tana kallona, watan Afrilu a Tawa a ce mutum ya kashe fanka ya rufe taga! Minti goma kawai, Hajiya. Ki ɗauka, ki tsaya, ki sha ruwa, ki kunna, ki huta, ki sake. Kunnenmu ya saba da kukan fanka har ba ma jin sa, amma mikro yana ji.

Lokaci ma cikin maganar ɗaki yake. Wasu na cewa da asuba, amma asuba ta zakara ce. Da hantsi ga injin niƙa, ga babura. Ni na fi son bayan isha'i da nisa, in gari ya kwanta. Wani abokin aikina ya ɗauki darasin lissafi a tsakar gida, ya ce wa ɗalibai, kun gane? Sai akuya ta amsa masa! Har yau yaran na tuna darasin, amma dole ya sake ɗauka. Kuma ku caja ordinatar tun da rana, kada kuran ya ɗauke kuna tsakiyar jimla.

Kafin ka buɗe baki, bar na'ura ta ɗauki shiru na daƙiƙa biyar. Akwai Audacity, manhajar ɗauka da gyaran murya, kyauta ce, tun shekarar 2000 take. Kana nuna mata wannan shirun, ta gane ƙugin ɗakin, ta rage shi a duk faɗin aikin. Ƙugi take ragewa, ba amon bango ba, kun ga mun koma ɗaki.

Na nawa muke? Na uku? To, a bar shi na uku. Tsakanin baki da mikro taƙi ɗaya, a ɗan karkace, don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Ko na wayar kunne ya isa. Sandar nan mai rawa a Audacity, mai nuna ƙarfin murya, kada ta taɓa ja, ta tsaya tsakanin -12 da -6.

Kada ka karanta abin da ke rubuce a shafi kalma bayan kalma. Richard Mayer, wani masani a Amurka, ya daɗe yana bincike a kan haka: ido na karatu, kunne na jin abu guda, sai su hana juna aiki. Shafi ya nuna, baki ya yi bayani. Kuma in za ka juya shafi, yi shiru, don PowerPoint ba ya ɗaukar murya lokacin juyawa. Na ƙarshe, nauyin fayil ɗin murya: minti ɗaya in an ajiye shi a tsarin WAV ya haura mega 5, a tsarin MP3 mai 64 kbps bai kai rabin mega ba. Ku tausaya wa kuɗin yaro na intanet.

Na'am, Malam, bismilla.

(Wani dattijon malami ya tambaya: shafin da Faransanci yake, to muryar fa, da wane harshe?)

Allah shi ba ka lada, Baba. Da wannan ya kamata mu fara. Tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar, amma jarrabawar yaro da Faransanci zai rubuta ta. Abin da nake yi, kalmar ilimin ina faɗinta da Faransanci yadda take a shafi, sau biyu, a hankali, sannan in warware ta da Hausa kamar yaron na zaune gabana. In ajinka akwai masu Tamajak ko Zabarmanci, shafin ɗaya ne, murya kawai za a sake ɗorawa, ka nemi abokin aiki ya ɗauka maka. Kai wane aji kake riƙe da shi, Baba? CM2, ajin ƙarshe na firamare? To kawo darasinka na gobe, in an tashi mu nemi ƙaramin ɗaki mu gwada shafi ɗaya.