Amsoshin tambayoyinku: jirgin sama tsakanin hadari da tsaunuka

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko daga wani malami take. Ya ce ya ga hoton wani jirgin Indiya da hancinsa ya fashe bayan ya shiga hadari, shi ne yake tambaya: tunda matuƙi yana ganin hadarin, me ya hana shi tashi sama da shi ya wuce?

To Malam, jirgin da ka gani na kamfanin IndiGo ne, wanda ya tashi daga Delhi zuwa Sirinaga a yankin Kashmir ranar 21 ga Mayun 2025. Ƙanƙara ce ta farfasa masa hanci. Matuƙan sun nemi izinin ratsawa ta sararin samaniyar Pakistan don su kauce, ba a ba su ba, sai suka kutsa cikin hadarin. Da ikon Allah suka sauka lafiya.

Batun haurawa kuwa, ba ya yiwuwa a kullum. Jiragen fasinja galibi suna tafiya tsakanin ƙafa 30,000 da 40,000 ne, alhali gajimaren hadari mai tsawa yakan kai ƙafa 50,000 ko fiye, musamman a ƙasashe masu zafi. A cikinsa iska tana tasowa sama da ƙarfin gaske, kusa da ita kuma wata tana gangarowa ƙasa, jirgin da ya ratsa tsakaninsu sai ya yi ta tangal-tangal. Saboda haka kewayewa ake yi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka tana shawartar matuƙa su bar tazarar aƙalla mil 20 tsakaninsu da hadari mai ƙarfi, domin ƙanƙara da gargada, wato girgizar da iska ke yi wa jirgi, sukan fita har wajen gajimaren. Ita kuma na'urar rada da ke hancin jirgi, ɗigon ruwa take gani sosai. Busasshiyar ƙanƙara ba ta fitowa da kyau a fuskarta, iska tsagwaronta kuwa ba ta ganinta sam.

Sai wata Hajiya da ta rubuto tana cewa: shin tsaunuka suna da hannu a wannan girgiza, ko dai faɗar mutane ce?

Hajiya, suna da hannu ƙwarai. Kin ga yadda ruwan kogi yake yi in ya ci karo da dutse, ya hau kansa, ya sauka, ya bar igiyoyi a bayansa? Haka iska mai ƙarfi take yi da tsauni. Igiyoyinta sukan kai tsayin da jirage ke bi, su kuma miƙa nesa da tsaunin. Ƙari a kan haka, gangaren tsauni yana tura iska mai ɗumi da laima zuwa sama, ta huce ta zama gajimare, shi ya sa hadari yake yawan haɗuwa a kan tsaunuka daga azahar zuwa yamma. In abubuwan nan biyu suka gamu, matuƙi yana cikin matsi: ƙasa duwatsu, gaba hadari, hanyar kaucewa kaɗan. Ɗan gajeren zangon da ke tsakanin Santiyago a Cile da Mendoza a Ajantina, wanda yake ƙetare tsaunukan Andis, ya yi suna a kan wannan gargada.

Wani abin mamaki ma, ba sai da hadari ba. Ranar 5 ga Maris 1966 wani jirgin Birtaniya ƙirar Boeing 707 ya tarwatse a sama kusa da Dutsen Fuji a Japan, gari garau, duka mutum 124 da ke ciki suka rasu. Iskar bayan dutsen ce ta karya shi.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta uku, daga wani matashi da zai yi tafiyarsa ta farko. Ya ce gabansa yana faɗuwa: gargada za ta iya karya fiffiken jirgi?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Daga 1966 zuwa yau an samu ci gaba sosai wajen ƙira da hasashen yanayi. Kafin a amince da sabon jirgi, sai an lanƙwasa fikafikansa da nauyin da ya ninka mafi girman abin da ake tsammanin zai gamu da shi sau ɗaya da rabi. In ka leƙa taga ka ga fiffike yana lilo, aikinsa yake yi. Matuƙi kuma yakan rage gudu da zarar an shiga gargada.

A ganina, abin tsoron yana cikin jirgin ne. Ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan zuwa Singafo yana tafiya a ƙafa 37,000 a samaniyar Miyanma, ana cikin raba karin kumallo, sai ya zurma ƙafa 178 cikin daƙiƙa 4.6. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka bugi rufin jirgin da kawunansu. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, ana zaton bugun zuciya ne, mutane da dama suka ji rauni a kai da ƙashin baya. Jirgin kuwa ya juya ya sauka a Bankok lami lafiya.

Don haka ka bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune, ko da an kashe alamar, kuma in za ka yi barci ka ɗaura shi a kan bargo don ma'aikata su gani. In son samu ne, ka nemi kujera kusa da fiffike, can girgizar ta fi sauƙi a kan wutsiya. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.