Yadda ake gwada Turancin likita ko injiniya ɗan ƙasar Sin

Ku ɗauki likita a Shanghai, wanda ya san hawan jini ciki da waje. A Sinanci sunan cutar gao xue ya, wato "sama, jini, matsi", ko yaro ya ji zai gane. A Turanci kuwa hypertension ce, rabi Girkanci rabi Latin. Bafaranshe zai gane ta a kallon farko, shi kuwa sai ya haddace. Ilimin yana nan, sunan ne baƙo, don haka dole gwaji ya raba biyun.

Ana farawa da yawan kalmomi. Gwajin da masana koyar da harshe Paul Nation da David Beglar suka fitar a 2007 yana da tambayoyi 140, goma daga kowane rukunin kalmomi dubu, kowace da zaɓi huɗu. Sai a ninka maki sau 100: wanda ya ci 72 ya san tushen kalmomi kimanin 7,200 tare da rassansu. A ba shi sigar da amsoshinta ke cikin Sinanci, domin wani lokaci bayanin Turancin ya fi kalmar kanta wuya. A kuma tuna cewa canki-canka kaɗai na iya ba shi ɗaya cikin huɗu.

Nawa ne ya isa? Kafin mutum ya karanta jarida ba tare da ƙamus ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, abin da Nation ya ƙiyasta a tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Sai a ƙara da jerin kalmomin ilimi 570 na masaniyar harshe Averil Coxhead, na shekarar 2000, waɗanda ke cike kusan kashi 10 na rubutun jami'a.

To, ga inda gizo ke saƙa. Manyan kalmomi ba su cika kayar da ƙwararre ba, ƙananan da ya ɗauka ya sani ne. Culture da ya koya a makaranta al'ada ce. A ɗakin gwaje-gwaje, renon ƙwayoyin cuta ne. Significant a rahoton bincike na nufin da wuya sakamakon ya zama dace kawai, ko da bambancin ɗan ƙanƙani ne. Sai a saka irin waɗannan cikin jimla, a tambayi ma'anarsu a nan.

A ɓangaren karatu, kada a ba likitan zuciya rubutu kan zuciya, zai amsa da ka ba tare da ya karanta ba. A ba shi taƙaitaccen rahoto daga wani fanni, da jadawali ɗaya, da ƙayyadadden lokaci. A tambaye shi: marubucin ya tabbatar, ko dai may (wataƙila) da suggest (yana nuni) ya ce? A kuma zaɓi doguwar jimla mai kalmar which (wanda) a tsakiya, domin Sinanci yana sa bayani kafin suna, Turanci kuwa yakan jero shi a baya, sai mai karatu ya liƙa shi ga sunan da ba nasa ba.

Takardar CET-6 (jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a a Sin) da ya kawo, mai maki 425 cikin 710, Turancin yau da kullum na ɗalibin jami'a ta auna, ba ta tsaya a madadin wannan gwajin.